Wane faifan Les Troyens ya fi? Amsa ga malamin Faransanci daga Damagaram

Wani malamin Faransanci daga Damagaram ya rubuto min cewa wata rana cikin dare ya ji wani yanki na Les Troyens, opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa) ta Bafaranshen nan Hector Berlioz, inda mace da namiji ke waƙa tare a hankali, kuma tun daga ranar abin bai bar kunnensa ba. Da ya bincika sai ya tarar da manyan faifai 4 da suka ɗauki aikin cikakke, kowanne da sunan jagoran makaɗansa: na Colin Davis na 1969, na Charles Dutoit, na Davis na biyu, da na John Nelson. Kowanne ya kai sa'a 4. Yana tambaya wanne zai fara da shi, kuma da wane ma'auni ake auna mawaƙan.

Malam, ka ɗauki na John Nelson. Wannan ita ce amsar a taƙaice. Amma idan na tsaya a nan na cuce ka, domin akwai wani mutum a faifan 1969 wanda dole ka ji shi ko da ba ka sayi faifan ba, kuma dalilin da ya sa na zaɓa maka Nelson ya shafe ka kai da kanka: kana jin Faransanci. Wanda ba ya ji, wataƙila wata amsar zan ba shi.

Kafin mu shiga mawaƙa, ga abin da suke ɗauke da shi. Berlioz ya rubuta aikin tsakanin 1856 da 1858, baitoci da kiɗa duka nasa ne, ya ɗebo labarin daga waƙar Latin ta Virgil, mawaƙin tsohuwar Rum, wadda mahaifinsa ya karantar da shi yana yaro. Kashi 5 ne, kamar yadda babbar opera ta Paris ta gada: taron 'yan amshi, raye-raye, jerin gwano, faɗuwar dauloli. Kashi 2 na farko a birnin Troy suke, daren da Girkawa suka bar dokin katako a bakin ƙofa, inda Cassandre 'yar sarki take ganin halaka tana faɗa ba mai saurarenta. Kashi 3 na ƙarshe a Kartaj suke, kusa da birnin Tunis na yau, inda sarauniya Didon ta sauki jarumi Énée da sauran 'yan gudun hijira, ta so shi, shi kuwa ya bar ta ya nufi Italiya domin an ce masa can ne ƙaddararsa. Berlioz bai taɓa ganin aikin cikakke ba. A 1863 wani gidan opera na Paris, Théâtre-Lyrique, ya nuna ɓangaren Kartaj kawai, shi ma an yi ta datse shi. Ya rasu a 1869 bai ga Cassandre ɗinsa a kan dandamali ba, abin da ya rubuta da kansa cewa ya dame shi. Sai a 1890 aka yi duka 5 ɗin, a Karlsruhe ta Jamus, da Jamusanci, cikin dare 2.

Me wannan ya gaya maka? Sunan aikin na mutanen Troy ne, jarumin namiji ne, amma operar ta mata 2 ce. Cassandre ce ke riƙe da rabin farko, Didon ce ke riƙe da na biyu. Énée mahaɗi ne. Faifan da matansa suka gaza ya gaza, kome ƙarfin namijin. Kuma kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya auna mawaƙi da inda ya fi ɗaga murya. A wajen Berlioz wuraren da ake kama mawaƙi su ne inda makaɗa suka yi ƙasa, aka bar shi da kalma tsirara. Mu da muke da harshen da karin sauti ke raba kukan ido da kukar miya, ba sai an koya mana cewa mawaƙi na iya samun murya ya rasa magana ba. Faransanci ma haka yake a waƙa: wasulan hanci, da wannan u ɗin da baƙo ke mai da shi ou, da e ɗin ƙarshen kalma da ba a furtawa a hira amma ake rerawa. Berlioz ya ɗora kiɗansa a kan waɗannan ne. Wanda ya murƙushe su ya karya layin waƙar.

To, faifan 1969. Kamfanin Philips ya naɗe shi a Landan da makaɗa da 'yan amshin gidan opera na Covent Garden, a shekarar cika 100 da rasuwar Berlioz, wadda kuma a cikinta ne aka fitar da ingantaccen bugun takardun kiɗan da Hugh Macdonald ya tace. Shi ne naɗi cikakke na farko a situdiyo, kuma kusan shekara 25 ba shi da kishiya. Colin Davis yana da jini a jika a lokacin, ƙungiyar kuwa ta fito ne daga nuna wasan a dandamali, sai ka ji mutane ne da suka san inda kowa ke tsaye. Ka saurari inda ake jan dokin ana shiga da shi gari, kiɗan nasara yana ƙaratowa daga nesa yayin da Cassandre ke tsaye ita kaɗai. Har yau tsigar jikina na tashi a wurin.

Amma Jon Vickers ne dalilin faifan. Ɗan Kanada ne, kuma tun 1957 yake rera Énée, lokacin da Rafael Kubelík ya jagoranci wasan a Landan da Ingilishi. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce. Tana da kaushi, tana da faɗi, kamar ta mutumin da ya kwana bai yi barci ba. Faransancinsa kuwa, malam, za ka yi murmushi: yana jan wasula yadda ya ga dama, yana tauna wasu baƙaƙe. Da ɗalibinka ne da ka mai da shi baya. Duk da haka, je ka kashi na 5, wurin da ake kira “Inutiles regrets”, inda Énée ya yanke shawarar tafiya yana tsoron haɗa ido da Didon. Yawancin masu rerawa suna ba ka mutum mai baƙin ciki. Vickers yana ba ka mutumin da ake ja da igiya 2, wanda ya san abin da zai yi zalunci ne kuma zai yi shi. Idan fatalwowin manyan Troy suka zo suna umurtarsa, sai ka ji tsoro na gaske a maƙoshinsa. Ban ji wanda ya kai shi a nan ba. A kashi na 3 ma, inda ya jefar da kayan matuƙin jirgi ya ce wa sarauniya shi ne Énée, da jin muryar ka yarda wannan zai iya korar rundunar Iarbas, sarkin da ya kawo wa Kartaj hari.

Josephine Veasey, Didon ɗinsa, 'yar Ingila ce mai murya tsayayya da kwarjini. Sarauniya ce sosai. A kashi na 3, inda take yi wa talakawanta jawabi a kan shekara 7 da kafa birnin, ba ta da makusa, haka a fushinta na ƙarshe. Abin da ban samu a wajenta ba shi ne narkewa: ba ta cika sakin jiki ta zama mace mai so ba, rawanin yana kanta har a cikin lambu. Raunin faifan na gaske ita ce Cassandre. Berit Lindholm 'yar Suwidin ce da ta yi suna a manyan operorin Wagner Bajamushe, murya kamar takobi, amma Faransancin ya gagare ta, kuma sautin yakan yi tauri. Kai da kake jin harshen za ka wahala a sa'a ɗaya da rabi ta farko. Peter Glossop a matsayin Chorèbe, saurayin Cassandre, ƙaƙƙarfa ne amma ba lallashi a bakinsa.

Na Dutoit ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake an fi raina shi fiye da yadda ya kamata. Decca ta naɗe shi a 1993 da makaɗan Montréal. A wajen tsabtar sauti da ƙyallin kayan busa, shi ne na ɗaya: ruwan sama da farautar da ke buɗe kashi na 4 suna walƙiya, raye-rayen ma haka. 'Yan amshin masu jin Faransanci ne, ana jin kalma. Ya kuma ƙara da wata fitowa da Berlioz ya cire, ta Sinon, ɗan leƙen asirin Girkawa da ya yaudari Priam sarkin Troy a kan dokin, wadda Macdonald ya mayar wa kiɗanta. Françoise Pollet Bafaransa ce, Didon ɗinta mai taushi ce, furucinta abin koyi. Deborah Voigt tana ganiyar ƙuruciya, muryar na sheƙi a sama, sai dai Cassandre ɗinta lafiyayya ce fiye da kima, ba ka jin mace ce da abin da take gani ya hana ta sukuni. Gary Lakes, Énée ɗin faifan, ya san aikinsa, yana iya yin ƙasa da murya, amma idan ya hau sama sai ta tsuke, kuma bayan Vickers sai ka ga kamar wakili aka aiko. Dutoit kansa yana tafiya da sauri da ladabi. Kome na wurinsa, wuta ce dai ba ta kama ba.

Davis ya dawo a Disambar 2000, ya haura shekara 70, aka naɗe shi kai tsaye a zauren Barbican da makaɗan London Symphony, suka fitar a ƙarƙashin tambarinsu na LSO Live da araha. Ya ci kyautar Grammy. A wajen jagoranci na fi son wannan a kan na farkonsa: ya fi zafi a Troy, ya fi haƙuri a Kartaj. Zauren ne busasshe, sauti ba ya yawo a cikinsa, kuma idan ka sa abin ji a kunne za ka ji dattijon yana gunaguni yana bin waƙar. Wasu abin na ba su haushi. Ni na saba da shi kamar tarin maƙwabci.

Ben Heppner, wani ɗan Kanadan, shi ne Énée mafi daidaito a cikin ukun farko. Shigowar Énée ta farko jarrabawa ce mai wuya: yana shigowa a guje, cikin kamar minti ɗaya zai ba da labarin yadda macizai 2 suka fito daga teku suka cinye Laocoon, malamin addinin Troy, da sauri, a can saman murya, ba wurin numfashi. Heppner ya wuce wurin tsaf, kowace kalma a fili. Petra Lang Bajamushiya ce, amma Cassandre ɗinta ta fi ta Lindholm da ta Voigt nesa ba kusa ba. Akwai duhu a muryar, akwai hauka kaɗan, kuma idan ta tara matan Troy tana tunzura su su kashe kansu kafin Girkawa su taɓa su, za ka gane dalilin da ya sa suka bi ta. Peter Mattei yana rera Chorèbe da santsi. Sara Mingardo, mai zurfin murya, ita ce Anna 'yar'uwar Didon da na fi so a duk faifan. Inda aka samu tangarɗa a Didon ne. Michelle DeYoung tana da murya mai yalwa da ɗumi, amma karkarwarta na da faɗi, kalmomin sai su nutse a ciki. A bankwanan ƙarshe za ka ji kyakkyawan sauti, ba za ka ji abin da matar ke cewa ba sai da takarda a hannu.

Ka lura da abin da ke faruwa: kowane ɗaya cikin ukun nan ya samu mace ɗaya ya rasa ɗaya, ko ya samu furuci ya rasa wuta. Shi ya sa na Nelson ya zama labari da ya fito. An naɗe shi a Strasbourg a watan Afrilun 2017, a zaman kiɗa ba tare da kayan wasa ba, kamfanin Erato ya fitar, mujallar Gramophone ta ba shi kyautar faifan shekara a 2018. Nelson Ba'amurke ne da ya fara jagorantar wannan aiki tun farkon shekarun 1970 a New York, ya shekara sama da 40 yana tare da shi. An haɗa rukunin 'yan amshi 3, ɗaya daga cikinsu daga Karlsruhe, garin da aka fara yin aikin cikakke. Abin da ya fi muhimmanci, yawancin mawaƙan da Faransanci suka tashi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan za ka ji gaskiyar maganar tun daga kan sojan da ke da layi 2.

Marie-Nicole Lemieux 'yar Québec ce, muryarta ta mata ce mafi zurfi. Wannan yana da farashi: idan Cassandre ta hau sama, ana jin tana miƙa wuya, wani lokaci har sautin ya kusa zama ihu. Wasu masana sun ƙi ta saboda haka, kuma ban ce ba su ji abin da suka ji ba. Amma saurari “Malheureux roi”, waƙarta ta farko, inda take tausaya wa mahaifinta. Kowace kalma tana da nauyinta, ba wadda aka rera don a cika kiɗa. Sa'annan Stéphane Degout ya shigo a matsayin Chorèbe yana lallashinta, yana ce mata ta dawo hayyacinta ta dubi sama. Idan kana son ka nuna wa ɗalibanka yadda ake rera Faransanci, wannan minti 15 ɗin ya isa. Ban san Chorèbe da ya kai shi a faifai ba.

Michael Spyres ɗan jihar Missouri ne, amma Faransancinsa ya fi na Vickers da na Lakes da na Heppner. Muryarsa tana da gindi irin na masu murya ta tsakiya, kuma tana hawa sama ba tare da ya yi kokawa da ita ba. Wannan ya fi kusa da irin mawaƙin da Paris ta sani a zamanin Berlioz, kafin a saba ba masu rera Wagner wannan matsayi. Bai kai Vickers girma ba, bai kai shi ban tsoro ba. Énée ɗinsa saurayi ne mai kirki da abu ya fi ƙarfinsa, na Vickers kuwa mutum ne da aka ɗora wa tarihin al'umma a ka. Amma yankin da ka ji cikin dare, wanda na tabbata “Nuit d'ivresse” ne na ƙarshen kashi na 4, a nan Spyres ya fi kowa. Berlioz ya aro tsarin baitocin daga Shakespeare, masoya 2 suna ambaton daren da wasu masoyan dā suka haɗu, kiɗan yana lilo kamar kwalekwale a bakin gaɓa. Ana bukatar namijin ya hau sama a hankali, muryarsa ta kwanta a kan ta macen ba ta danne ta ba. Vickers yana yin ƙasa da murya a wurin, amma kana jin zaki ne ke ƙoƙarin yin raɗa. Spyres bai bukaci ƙoƙari ba.

Joyce DiDonato, Didon ɗin faifan, ita ce na fi daɗewa ina jayayya da kaina a kanta. Ba'amurkiya ce da ta yi suna a ayyukan Rossini da Handel, muryarta ba ta kai ta Veasey faɗi ba, tana da karkarwa mai sauri, kuma idan ta matsa sama sautin yakan yi fari. A kashi na 3 na fi yarda da sarautar Veasey. Daga lokacin da jiragen suka tashi kuwa, maganar ta canja. Berlioz ya ba Didon kusan rabin sa'a na ƙarshe: ta yi fushi, ta ce a bi su a ƙone jiragen, ta tuna ba ta da iko, ta yi shiru, sa'annan ta ce “Je vais mourir”, zan mutu. Yawancin mawaƙa suna rera wannan layi a matsayin sanarwa. DiDonato tana faɗarsa kamar yanzu ta gano. A “Adieu, fière cité”, inda take sallama da birninta da 'yar'uwarta da sararin samaniyar Afirka, kiɗan daren soyayya yana dawowa na ɗan lokaci, sai ta janye muryar har ta kusa ɓacewa, amma zaren bai tsinke ba kuma kalma ba ta faɗi ba. Wannan shi ne ma'aunin da ka tambaya: numfashi ya kai ƙarshen layi, kalma ta fito, murya ta canja launi idan tunanin ya canja. Daga nan sai ta hau tarin itacen, ta ambaci Hannibal, jarumin Kartaj da zai yaƙi Rum daga baya, a matsayin wanda zai rama mata, ta soke kanta da takobin Énée.

A nan dole in ambaci mata 2 da ba su samu naɗi cikakke a situdiyo ba, abin takaici. Janet Baker ta naɗi fitowar ƙarshe ta Didon da Alexander Gibson a 1969, kuma har yau da ita nake auna kowa, har DiDonato. Régine Crespin, Bafaransa, ta naɗi zaɓaɓɓun yankuna da Georges Prêtre a 1965, ta rera Cassandre da Didon duka. Idan ka same su, kada ka bari su wuce. Idan kuma kana son gani da ido, akwai bidiyon gidan Châtelet na Paris na 2003, John Eliot Gardiner yana jagoranci da kayan kiɗa irin na zamanin Berlioz, har da ƙahonin da Adolphe Sax ya ƙera. Susan Graham ce Didon, Anna Caterina Antonacci kuwa ita ce Cassandre da ta fi duk waɗanda na lissafa, in aka haɗa murya da furuci da fuska.

Ga yadda za ka gwada da kunnenka, kada ka tsaya a kan nawa. Duk faifan 4 suna kan manhajojin sauraren kiɗa. Kada ka ji su ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sa'a 16 ke nan, kunne zai gaji ya daina bambancewa. Ɗauki wuri ɗaya ka ji shi sau 4 a zama guda, ba takarda a hannu, ka ga nawa ka fahimta. Fara da waƙar Cassandre ta farko, gobe labarin Laocoon, jibi bankwanan Didon.

Kuma kada ka tsallake ƙananan matsayi, domin a nan ake gane faifan da aka kashe masa hankali. Akwai Iopas, mawaƙin fadar Didon, da aka sa ya rera waƙar noma don ya kwantar wa sarauniya hankali, ita kuwa ta katse shi. Ian Partridge na 1969 yana da daɗi, amma Cyrille Dubois na Nelson yana hawa can sama kamar ba kome. Akwai Narbal waziri, mai hangen abin da soyayyar za ta jawo wa ƙasa. Roger Soyer na 1969 Bafaranshe ne, shi ya sa ya fita daban a cikin abokan aikinsa. Akwai Hylas, yaron jirgi da ke zaune a saman itacen filafilai a farkon kashi na 5 yana kewar kwarin garinsu har barci ya ɗauke shi a tsakiyar baiti. Berlioz ya rubuta wannan yana tunanin ɗansa Louis, wanda matuƙin jirgin ruwa ne. Ryland Davies, John Mark Ainsley, Toby Spence, Stanislas de Barbeyrac: a nan duk huɗun sun yi, zaɓi ya rage naka. Bayansa kaɗan sai sojoji 2 masu gadi, suna ƙorafin cewa su fa Kartaj ta karɓe su, ga nama ga abin sha, ɗaya har budurwarsa ta fara jin yarensu, me za su je yi Italiya. Minti 2 ne kawai, kuma sau da yawa an cire shi a dandamali saboda wai bai dace da babbar opera ba. A faifan Nelson za ka ji kowace kalma ta gunaguninsu, kuma ina jin za ka yi dariya kai kaɗai a ɗaki.